Littafin Uƙlidis a Fadar Sarkin Musulmi Bello: Tarihin Karatun Sama Daga Sakkwato Zuwa Big Bang

Mai karatu, in ka yi jami'a a Nijeriya, ko Shari'a ka karanta ko Hausa ko Tarihi, da wuya ka tsallake kwasa-kwasan nan na dole da ake kira GST. Shekaru da dama akwai ɗaya a cikinsu mai suna Tarihi da Falsafar Kimiyya, kuma a manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta tsara masa akwai wani ɗan babi kan ɗan'adam da sararin samaniyar da ke kewaye da shi. Ga yawancin ɗaliban da ba na kimiyya ba, wannan babi shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da wani zai tsaya gabansu ya yi bayanin girman sama, da shekarunta, da yadda ta faro. Lakca ɗaya ce ko biyu. A haddace sunaye da lambobi, a juye su a jarrabawa, a fito a karkaɗe riga.

In ka tambayi ɗalibin, amsa biyu za ka ji. Ko ya ce, “Ni da zan zama alƙali, ina ruwana da taurari?” ko ya ce, “Ai wannan tatsuniyar Turawa ce.” To, yau za mu gwada waɗannan amsoshi biyu da tarihi, kuma ba sai mun yi nisa ba. A birnin Sakkwato za mu fara, shekara ɗari biyu da suka wuce, gaban wani mutum da ba masanin taurari ba ne ta sana'a. Shugaba ne, malamin fiƙihu, marubucin tarihi da magani.

Baƙo da na'urorinsa, 1824

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda a ƙasar Hausa aka fi sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato bayan ya ratso Sahara ta Borno da Kano. A lokacin birnin bai fi shekara 15 da kafuwa ba, kuma Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu yana shekara ta bakwai a kan mulki.

Clapperton ya zo da kayan aikin matuƙan jirgin ruwa: na'urar hangen nesa, da na'urar da ake auna tsayin rana da taurari da ita don a san inda ake a bayan ƙasa, da wata taswirar sama. Bello ya nemi a kawo su ya gani. Abin da baƙon ya rubuta a littafin tafiyarsa shi ne, da ya shimfiɗa taswirar sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san dukkan buruji goma sha biyu, ya san wasu rukunan taurari, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci.

Clapperton ya koma Ingila, ya sake dawowa a ƙarshen 1826, wannan karo ta bakin teku. Cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littattafan Larabci da aka buga da injin ɗab'i, har da na Ibn Sina da na Uƙlidis, wato littafin handasa ko jometiri da wani Bagirke ya rubuta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Clapperton ya ce ya shiga wajen Bello ya same shi zaune da wannan littafi a gabansa. Bello ya gaya masa cewa gidansu suna da kwafin Uƙlidis da wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa a shekarar da ta gabata, don haka ya ji daɗin wannan kyauta ƙwarai. Clapperton dai bai koma gida ba. Ya rasu a watan Afrilu na 1827, aka binne shi a wajen birnin.

Riƙe wannan littafi na Uƙlidis a ranka, mai karatu, don za mu sake haɗuwa da shi har sau biyu.

Me ya kai malamin fiƙihu ga taurari?

Buƙata ce ta kai shi. Lokutan salla da rana da inuwa ake gane su. Alƙibla kuwa lissafi take so: daga Sakkwato, Makka tana wajen digiri 71 daga arewa in ka juya ta gabas, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Azumi da Salla suna rataye da ganin jinjirin wata. Rabon gado ma lissafi ne. Saboda haka ilimin falaki da hisabi suna cikin abin da ake sa ran cikakken malami ya taɓa.

Sai kuma noma. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da wajen kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga zafi zuwa sanyi zuwa damina. Manomi ba zai iya shuka da wannan kalanda ba. Abin da ya yi masa magani shi ne lissafin manzilolin wata, taurari 28 da aka jera a kan hanyar da wata ke bi a sama. Kowace tauraruwa ana ba ta kwana 13, ɗaya kuma a ba ta 14. In ka lissafa, 28 sau 13 ya ba da 364, ka ƙara ɗaya ya zama 365, shekarar rana cif. Aka raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Har gobe akwai dattawa a karkara da za su jero maka taurarin damina: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Malamai sun zuba wannan lissafi cikin waƙoƙin ajami don ya yi sauƙin hadda, kuma waƙoƙin taurari suna cikin rassan rubutacciyar waƙar Hausa da Mervyn Hiskett ya yi nazari a littafinsa na 1975. Ban da sunayen Larabci, Bahaushe yana da nasa: Kaza da 'Ya'yanta ita ce Suraiya, ga Zara matar wata, ga Gamzaki mai fitowa da asuba.

Malaman jihadi sun bambanta abu biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai falaki, wato lissafin tafiyar rana da wata da taurari. Akwai kuma duba da taurari, wato da'awar sanin gaibu da makomar mutum daga gare su. Na biyun sun yaƙe shi, har Bello ya rubuta ɗan littafi, Tanbihu Ahlil Fuhum, yana gargaɗi a nisanci 'yan siddabaru da masu duban taurari. Na farkon kuwa sun karanta shi, sun karantar.

Kuma ba Bello kaɗai ba ne. Tun kafin jihadi, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna da rubutu kan lissafi da ilimin taurari. A Sakkwato kuma akwai Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa (1804 zuwa 1864), ɗan Nana Khadija 'yar Shehu, mai makaranta a Salame arewa da birnin. Ya yi rubutu kan tarihi da falsafa da matakan halitta. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya haɗu da shi a 1853, ya bayyana shi a matsayin wanda ya fi kowa ilimi cikin mutanen Sakkwato na zamaninsa. Ka ga ke nan amsar ɗalibinmu ta farko ta fara rauni. A garin nan an taɓa ɗaukar sanin sama a matsayin wani ɓangare na zama mai ilimi, ko da kuwa fanninka shari'a ne.

Abin da ba su da shi

A nan sai mu yi gaskiya, don son gida ba ya hana faɗin ta. Hoton sama da ke cikin littattafan falaki na duniyar Musulmi a wancan zamani, asalinsa na Baɗlamus ne, wanda ya rubuta littafinsa Almajisɗi a Iskandariyya wajen shekara ta 150, aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. A wannan hoto ƙasa dunƙulalliya ce, tana tsaye a tsakiya. Wata da rana da taurari masu yawo guda biyar kowanne yana kewaya ta a falakinsa, can bayansu kuma akwai falakin taurari tsayayyu, kamar fitilu a jikin rufin ɗaki. Tsarin yana aiki sosai wajen lissafin lokaci, shi ya sa ya daɗe fiye da shekara dubu.

A Turai an bar wannan hoto tun bayan Copernicus (1543) da Galileo (1610), an yarda ƙasa ce ke kewaya rana. Amma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: ranar da Clapperton ya shimfiɗa taswirarsa gaban Bello, babu mutum ɗaya a duniya, a Landan ko a Sakkwato, da ya taɓa auna nisan tauraro ko guda ɗaya ban da rana. Akwai hasashe, babu awo. A kan tambayar girman sama, baƙon da mai masaukinsa ba su yi wa juna nisa kamar yadda za ka zata ba.

Akwai kuma wani ɗan tabo a sama da ke jiran ranarsa. A shekarar 964 Abdurrahman Assufi, masanin taurari na ƙasar Farisa, ya rubuta littafinsa kan siffofin taurari, ya ambaci wani abu da ya kira ƙaramin gajimare a rukunin taurarin da ake kira Andromeda. Ana ganinsa da ido a dare mai duhu. Ba wanda ya san mene ne shi har kusan shekara dubu bayan haka.

Alwatikar da ta auna tauraro

Ga haɗuwarmu ta farko da Uƙlidis. Miƙe hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya ka dubi bango. Yanzu buɗe shi ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Matso da shi kusa da fuska, tsallen ya ƙaru. Idanunka biyu da yatsan sun yi alwatika, kuma dokar handasa ta ce in ka san tsawon gindin alwatika da kusurwoyinta, ka san tsawon sauran ɓangarorin ba tare da ka taka wurin ba.

Don tauraro, tazarar idanu ba ta isa ba. Sai a yi amfani da tafiyar ƙasa: a duba shi yau, a sake dubawa bayan wata shida, lokacin da ƙasa ta koma ɗaya gefen rana. Gindin alwatikar ya zama kilomita miliyan 300. Duk da haka tsallen ƙanƙane ne ƙwarai, sai da aka jira na'urori suka ƙware. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Shekara ɗaya bayan haka, a 1838, Bajamushe Friedrich Bessel ya auna tsallen wani tauraro mai suna 61 Cygni. Kusurwar da ya samu daidai take da ka hango faɗin tsohon kwabo daga nisan kilomita 16.

Nisan da ya fito ya fi ƙarfin kilomita, don haka ake auna shi da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga wata zuwa nan daƙiƙa ɗaya ce da 'yan kai, daga rana minti 8 da daƙiƙa 20. Daga tauraron Bessel kuwa shekara 11 ce. Kaza da 'Ya'yanta tana wajen shekara 440. Ma'ana, hasken da za ka gani daga gare ta yau da dare ya baro can tun fiye da shekara 150 kafin a haifi Shehu Usmanu a 1754. Wannan shi ne darasi na farko a ilimin kaunu na zamani, wanda ake kira kosmoloji: duk wanda ya dubi nesa, baya ya duba.

Ƙaramin gajimaren Assufi, 1924

Alwatika tana da iyaka. In abu ya yi nisa sosai, tsallensa ba ya aunuwa. Wadda ta buɗe mataki na gaba wata mata ce, Henrietta Leavitt, mai aikin duba hotunan sama a Harvard ta Amurka. Akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. A 1912 ta nuna cewa wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayensa, shi ya fi haske na ainihi. Kwatanta da fitilar babur da dare: in ka san ƙarfin ƙwan, dusashewar da ka gani za ta gaya maka nisan mai babur ɗin.

A watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble, yana aiki da na'urar hangen nesa mai madubi faɗin mita biyu da rabi a dutsen Wilson na jihar Kaliforniya, ya tsinci irin wannan tauraro a cikin gajimaren Andromeda. Ya yi lissafi, labarin ya fito a ƙarshen 1924, shekara ɗari daidai bayan zaman Bello da Clapperton. Gajimaren ba gajimare ba ne. Wani gari ne na taurari mai zaman kansa, abin da ake kira galaksi, yana can wajen namu. Hubble ya samu nisan wajen shekarar haske 900,000. Awon yau ya gyara shi zuwa miliyan 2.5. Namu garin, wanda kake ganin gefensa kamar farar hanya ta ratsa sama a daren da babu wata, faɗinsa wajen shekarar haske 100,000 ne, taurarinsa sun haura biliyan 100, rana ɗaya ce daga cikinsu.

Kaunu yana buɗewa

Mataki na uku ya fi ban mamaki. Idan abu mai haske yana nisantarka, haskensa yana karkata zuwa ja. An lura cewa kusan duk galaksi masu nisa haskensu ya karkata haka. A 1927 wani limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, wanda kuma masanin lissafi ne, ya nuna daga ka'idar Einstein cewa sararin da kansa ne ke buɗewa. A 1929 Hubble ya fito da awon da ya nuna cewa wanda ya fi nisa ya fi saurin nisanta.

Ɗauki kwaɓin fulawa da aka sa wa yis, aka barbaɗa gyaɗa a ciki. Yana kumbura, kowace ƙwaya tana nisantar kowace. Ƙwayar da ke nesa da kai ta fi saurin tafiya, don kwaɓin da ke tsakaninku ya fi yawa. Kuma duk ƙwayar da ka zauna a kai, haka za ka gani, don haka ganin kowa yana gudunmu ba ya nufin mu ne a tsakiya.

In kuwa yana buɗewa, jiya ya fi yau matsewa. Ka bi baya, ka bi baya, za ka kai lokacin da komai yana cunkushe cikin tsananin zafi. Fred Hoyle, wanda bai yarda da ra'ayin ba, shi ya laƙaba masa suna Big Bang a wani shirin rediyon BBC a 1949. Sunan yana ruɗarwa, don ba bam ne ya tashi a wani fili ba. Filin ne da kansa ya fara buɗewa.

To ina hujja? A 1948 Ralph Alpher da Robert Herman sun yi hasashen cewa in da gaske an yi wannan zafi, to ragowar haskensa tana nan ko'ina, ta huce. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson, ma'aikatan kamfanin Bell a jihar New Jersey, suna fama da wata ƙara a eriyarsu. Suka kori tantabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka goge kashinsu, ƙarar ba ta tafi ba, kuma daga kowace fuska ta sama take zuwa. Ita ce ragowar hasken. Ya baro asalinsa lokacin da kaunu ke da shekara 380,000, yau kuma zafinsa digiri 2.7 ne kacal sama da ƙarshen sanyi. Awon tauraron ɗan'adam na Planck, da aka fitar a 2013, ya sa shekarun kaunu biliyan 13.8.

Wani abu game da Lemaître zai amfane ka. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa wannan bincike ya tabbatar da labarin halitta na addini. Lemaître, duk da shi limami ne kuma shi ya kawo ra'ayin, bai ji daɗi ba. Yana ganin bai dace a ɗaure imani da ka'idar da awon gobe zai iya gyarawa ba. Ka tuna Hubble ma sai da aka ninka lambarsa kusan sau uku.

Uƙlidis ya sake dawowa

Ga haɗuwa ta biyu. Littafin da Bello ya yi murna da shi ya koyar cewa kusurwoyi uku na kowace alwatika, in an tara su, digiri 180 ne. A shekarar da aka kawo masa shi, 1826, wani malamin lissafi a jami'ar Kazan ta Rasha, Nikolai Lobachevsky, ya gabatar da wata handasa daban wadda wannan doka ba ta aiki a cikinta, kuma babu tufka da warwara a lissafinta. Tambaya ta tashi: wace handasa ce ta sararin da muke ciki? Wannan ba a zauna a ɗaki a yanke shi, sai an auna.

A 1915 Einstein ya ce nauyi yana lanƙwasa sarari. An gwada maganar kusa da mu: ranar 29 ga Mayu 1919, a tsibirin Principe da ke tekun Gini kudu da Nijeriya, Arthur Eddington ya ɗauki hoton taurari lokacin husufin rana, tare da wata tawaga a Burazil, aka ga haskensu ya lanƙwasa da ya gifta kusa da rana.

Saura kaunu baki ɗaya. Tsohon hasken nan na shekara 380,000 yana da ɗigo-ɗigo, wani wuri ya ɗan fi wani ɗumi. Lissafi ya ba da ainihin girman manyan ɗigon, an kuma san nisansu. Gindi da ɓangarori biyu ke nan, alwatika mafi girma da ɗan'adam ya taɓa zanawa. In sarari shimfiɗaɗɗe ne irin na Uƙlidis, ɗigon za su bayyana da faɗin wajen digiri ɗaya a sama. A shekarar 2000 wata na'ura da aka ɗaga da balan-balan a saman Antatika, BOOMERanG, ta fitar da sakamakon awonta, wanda ya nuna haka. Planck ya tabbatar da ƙarin daidaito. Iyakar abin da awo ya kai, handasar littafin da ya ƙone a gidan Bello, aka sake kawo masa, ita ce handasar kaunu a babban ma'auni.

Ba a gama ba fa. Aikin Vera Rubin a shekarun 1970 ya nuna galaksi suna juyawa da saurin da abin da ake gani a cikinsu bai isa ya riƙe su ba. A 1998 tawagogi biyu suka gano cewa buɗewar kaunu sauri take ƙarawa. A lissafin yau, duk abin da aka yi mu da shi, mu da ƙasa da taurari, wajen kashi 5 cikin 100 ne. Kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne da nauyinsa kawai ake ji, kashi 68 kuma wani ɓoyayyen makamashi ne. Masana sun ba su suna, suna kan neman ko mene ne su.

Mu dawo gida

Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila ranar 15 ga Maris 1903. Bayan haka karatu ya rabu gida biyu. Falaki ya zauna a zaure da littattafansa na Larabci da waƙoƙinsa na ajami. Kimiyya ta shigo ta makarantar boko da Turanci, ba ta gaisa da shi ba. Yaro ya koyi sunan tauraro Aldebaran a littafi, bai san shi ne Dabaran da kakansa ke lissafin ƙarshen bazara da shi ba, bai kuma san daga Larabci Turawa suka aro sunan ba. A nan amsar ɗalibinmu ta biyu ta samo asali. Ka kuwa ga jerin waɗanda suka gina wannan ilimi: Bagirke a Masar, Bafarishe, Bajamushe, Ba'amurkiya, limamin coci. Har da ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, wanda a 1965 a Cambridge, tare da Antony Hewish, ya gano wata bakuwar majiyar igiyar rediyo a gajimaren Crab, wadda daga baya aka gane gawar tauraro ce mai juyawa da tsananin sauri. Ilimi ne na duk wanda ya iya awo.

An kafa jami'a a Sakkwato a 1975, ta fara karatu a 1977, aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, takenta Iƙra. A cikin gari kuma akwai cibiyar adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu, inda rubuce-rubucen magabata ke ajiye. Kuma har yau daga fadar Sarkin Musulmi ake sanar da ganin watan azumi da na Salla, ana kuma muhawara a kai kusan kowace shekara. Su wa ke wannan muhawara? Limamai, alƙalai, 'yan jarida, malaman makaranta, wato mutanen da ba kimiyya suka karanta ba. Wanda ya san cewa watan sama kwana 29 da rabi ne a matsakaici, kuma ana iya lissafa lokacin da wata zai faɗi a kowane gari, zai saurari shaidar gani da kunnen da ya fi na wanda bai sani ba. Wanda ya san yadda aka auna nisan tauraro ba zai ruɗu da saƙon WhatsApp mai cewa ƙasa faifai ce ba, ba kuma zai ruɗu da mai cewa kimiyya ta gama sanin komai ba.

Saboda haka darasin kosmoloji ga ɗalibin Shari'a ko Hausa bai kamata ya zama jerin lambobin hadda ba. A fara shi da taurarin damina da ɗalibin ya ji a gida, a bi da shi ta yatsa da alwatika, a kowane mataki kuma a tambaya: ta yaya aka sani, kuma me zai nuna an yi kuskure? Mai karatun hadisi ya riga ya san wannan ɗabi'a, don shi ma ba ya karɓar magana sai ya binciki isnadinta.

Kai ma ba sai ka jira aji ba. A watan Nuwamba, daren da babu wata kuma hazo bai yi kauri ba, ka fita bayan gari wajen ƙarfe 9 zuwa 10. Tauraron arewa yana digiri 13 sama da bakin ƙasa, ɗan fiye da dunƙulen hannu in ka miƙe shi, kuma wannan lamba ita ce nisan Sakkwato daga tsakiyar duniya, irin awon da na'urar Clapperton ke yi. Kaza da 'Ya'yanta tana gabas. Sama da kanka, ka ɗan karkata arewa, ka bar idonka ya saba da duhu na minti 20, ka nemi wani ɗan fari-fari mai kama da tabon alli. Shi ne ƙaramin gajimaren Assufi. In ka same shi, ka kira yaran gida ka nuna musu.